Asalin Harshen Faransanci da Yadda Ya Bazu a Duniya

Duk wanda ya taɓa tafiya daga Katsina zuwa Maraɗi ya ga wani abu mai ban mamaki. Mutanen gefen nan da na gefen can duk Hausawa ne, dangin juna ne, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya. Amma da mutum ya ƙetare iyaka sai allunan bakin hanya su sake harshe. Yaron da ke Jibiya yana zuwa makaranta wurin malam da littafin rubutunsa. Ɗan baffansa a Ɗan Isa kuwa lakwal yake zuwa wurin mushe, riƙe da kaye da bik. Uban wannan yana biyan haraji, uban wancan yana biyan lanho. Waɗannan kalmomi na gefen Nijar daga Faransanci suka fito.

Yara da yawa sun tashi da tunanin cewa Faransanci harshen masu ilmi ne tun fil azal, Hausa kuwa ta gida ce da kasuwa. Wasu iyaye har sun daina yi wa 'ya'yansu magana da harshen kakanninsu don gudun kada ya ɓata musu karatu. Wasu kuma, saboda ɗacin mulkin mallaka, suna ganin a yar da Faransanci gaba ɗaya. Kafin mutum ya yanke shawara a kan wannan, ya kamata ya san tarihin harshen. Wanda ya bi tarihin zai tarar cewa Faransanci ma ya daɗe a matsayin harshen da manya suke rainawa.

Daga bakin sojojin Roma

Ƙasar da muke kira Faransa a yau, Romawa suna kiranta Gol. Mutanenta suna da harshensu, wanda yake dangin harsunan da har yanzu ake ji a wasu sassan Birtaniya da Ayalan. Tsakanin shekara ta 58 da ta 51 kafin haihuwar Almasihu, Yuliyas Kaisar ya ci ƙasar da yaƙi. A shekara ta 52 ya kama babban jarumin Golawa, Vercingétorix, a wani gari mai suna Alésia. Daga nan ƙasar ta zauna a hannun Roma wajen shekara 500.

Romawa sun zo da harshensu, wato Latin. Amma Latin iri biyu ne. Akwai na littattafai, wanda malamai da alƙalai suke rubutawa, akwai kuma na baka, wanda sojoji da fatake da bayi suke yi a bariki da kasuwa. Wannan na biyun ne ya shiga bakin talakawan Gol. Shi ya sa kalmomin Faransanci da yawa asalinsu maganar titi ce. A Latin na littafi doki equus ne, amma soja yakan ce caballus, wato dokin kaya, daga nan aka sami cheval. Kalmar testa ma'anarta tukunyar ƙasa ce. Mutane suka riƙa kiran kan mutum da ita cikin wasa, kamar yadda mu ma muke cewa ƙoƙon kai, har ta zama tête, kalmar da Bafaranshe yake kiran kai da ita a yau.

Ba a tilasta wa Golawa barin harshensu da takobi ba. Sai dai wanda yake neman aiki, ko shari'a, ko muƙami, dole ya iya Latin. Iyaye suka tura 'ya'yansu koyonsa. Sannu a hankali harshen Golawa ya koma ƙauye, daga ƙauye ya koma bakin tsofaffi, har ya mutu wajen ƙarni na 6. Abin da ya rage nasa cikin Faransanci bai wuce 'yan kalmomi ɗari da wani abu ba, yawancinsu na noma da daji, kamar charrue, garma, da mouton, tunkiya, da chemin, hanya.

A ƙarni na 5 mulkin Roma ya rushe a yamma, sai wasu ƙabilun Jamusawa suka kwararo cikin Gol. Mafi ƙarfinsu su ne Farankawa, kuma daga sunansu aka sami sunan Faransa. Sarkinsu Clovis ya karɓi baftisma a birnin Reims wajen ƙarshen ƙarni na 5 ko farkon na 6. Farankawa sun ci ƙasar, amma su kaɗan ne, sai harshen talakawan da suka ci ya haɗiye nasu. Mai karatu zai tuna cewa haka ya faru ga Fulani da yawa a biranen ƙasar Hausa bayan jihadin 1804. Duk da haka Farankawa sun bar tambarinsu. Kalmomi irin su guerre, yaƙi, da jardin, lambu, da blanc, fari, da bleu, shuɗi, daga wurinsu suke. Yadda suke furta Latin kuma ya taimaka wajen gutsure kalmomi, har aqua, wato ruwa, ta koma eau, wadda ake furtawa da sauti ɗaya tak, o.

Ranar da aka yarda cewa sabon harshe ya haihu

Shekaru aru-aru mutane suna tsammani Latin suke yi, sai dai gurɓatacce. Cikin ikkilisiya ne aka fara gane gaskiyar al'amarin. Ana karanta Littafi Mai Tsarki da Latin, ana wa'azi da Latin, jama'a kuwa suna zaune ba su fahimtar kome. A shekara ta 813, zamanin sarki Charlemagne, bishop-bishop suka taru a birnin Tours, suka ba da umarni a riƙa juya wa'azi zuwa harshen Romawa na ƙauye ko na Jamusawa, domin kowa ya gane abin da ake faɗa. Wannan shaida ce cewa maganar talakawa ta riga ta zama harshe dabam.

Bayan shekara 29 aka sami rubutu na farko da ya rage mana. A ranar 14 ga Fabrairu, 842, jikokin Charlemagne biyu, Louis da Charles, suka haɗu a Strasbourg don su ƙulla alkawari gāba da wansu Lothaire. Kowannensu yana so sojojin ɗan'uwansa su ji rantsuwarsa da kunnensu. Saboda haka Louis, wanda mutanensa Jamusawa ne, ya rantse da harshen Romawa na talakawa, Charles kuma ya rantse da Jamusanci. Wani ɗan'uwansu mai suna Nithard ya rubuta kalmomin yadda aka faɗe su. Masana suna ɗaukar wannan rantsuwa a matsayin takardar haihuwar Faransanci.

A wancan zamani ba harshe ɗaya ba ne. Kowane yanki da irin maganarsa. An raba su gida biyu bisa ga yadda suke cewa i. Mutanen arewa suna cewa oïl, wadda ta zama oui ta yau, mutanen kudu kuwa suna cewa oc. Abin da ya ɗaga maganar yankin Paris bisa sauran ba daɗinta ba ne. Tun daga shekara ta 987, lokacin da Hugues Capet ya hau gadon sarauta, gidan sarautar Faransa ya kafu a wannan yanki. Duk inda ikon sarki ya kai, maganar fadarsa takan bi shi.

A shekara ta 1066 Guillaume, mai mulkin Normandi a arewacin Faransa, ya ƙetare teku ya ci Ingila. Wajen shekara 300 fadar Ingila da kotunanta suna aiki da Faransanci, Ingilishi kuwa ya zama harshen manoma da barori. Dubban kalmomin Faransanci suka shiga Ingilishi a wannan lokaci da bayansa. Wannan ya shafe mu ma. Kalmomin kotu, soja, gwamna, asibiti da laftanar, waɗanda Hausawan Najeriya suka ara daga Ingilishi, shi ma Ingilishin daga Faransanci ya aro su. Ashe Bakano ma yana furta Faransanci kowace rana bai sani ba.

Sarki, maɗaba'a da Littafi Mai Tsarki

Har zuwa ƙarni na 16 Latin ne harshen jami'a da na yawancin takardun hukuma. Abubuwa uku suka taru suka sake wannan. Na farko maɗaba'a ce, wadda aka kafa a Paris a shekara ta 1470. Mai buga littafi yana neman masu saye, masu jin harshen gida kuwa sun fi masu jin Latin yawa.

Na biyu fassarar Littafi Mai Tsarki ce. Jacques Lefèvre d'Étaples ya fitar da Sabon Alkawari da Faransanci a 1523, sa'an nan dukan Littafin a 1530, a birnin Anvers. A 1535 Olivétan, wani ɗan'uwan Jean Calvin, ya fitar da fassarar da aka yi daga Ibrananci da Helenanci. Calvin kansa ya juya babban littafinsa na koyarwa daga Latin zuwa Faransanci a 1541. Wannan ya nuna cewa harshen da ake ciniki da shi a kasuwa yana iya ɗaukar zurfafan batutuwa. Fassarar da ikkilisiyoyi da yawa na Afirka suka saba da ita, ta Louis Segond, ta zo daga baya, a 1880, aka kuma gyara ta a 1910.

Na uku doka ce. A watan Agusta na 1539 sarki François na Ɗaya ya sa hannu a kan wata doka a garin Villers-Cotterêts. Cikin sassanta 192, na 110 da na 111 sun ce a riƙa rubuta hukunce-hukunce da takardun shari'a da harshen Faransa, domin kada a sami ruɗani. Waɗannan sassa biyu har yanzu suna aiki a Faransa.

A 1635 wazirin sarki, Kadinal Richelieu, ya kafa majalisar kula da harshe mai suna Académie française, mai kujeru 40. Aka ɗora mata aikin tsara ƙamus. Bugu na farko bai fito ba sai a 1694, bayan kusan shekara 60, bugu na 9 kuwa an kammala shi a 2024. Zamanin Louis na 14 Faransa ce ƙasa mafi ƙarfi a Turai, sai fadodin sarakuna daga Jamus har Rasha suka ɗauki Faransanci ya zama harshen wayewa. A 1685 sarkin ya soke dokar Nantes wadda ta ba Furotesta 'yancin sujada, sai wajen mutum 200,000 suka gudu zuwa Holan, Ingila, Suwizalan da Balin, wasu har Afirka ta Kudu, suka tafi da harshensu da sana'o'insu. Tun daga yarjejeniyar Rastatt ta 1714 Faransanci ya zama harshen da ƙasashen Turai suke rubuta sulhu da shi. Sai a 1919, a yarjejeniyar Versailles, Ingilishi ya zauna kusa da shi.

Yadda Faransawa suka koyi Faransanci

Ga wani abin da mutane da yawa ba su sani ba. Lokacin da sarakunan Turai suke taƙama da Faransanci, yawancin talakawan Faransa ba su iya shi ba. A 1794, bayan juyin juya halin 1789, wani firist mai suna Grégoire ya kai wa majalisar ƙasa rahoto. Ya ce aƙalla mutum miliyan 6 ba su jin harshen ƙasa ko kaɗan, wasu kamar haka ba su iya doguwar hira da shi, waɗanda suka iya shi sosai kuwa ba su wuce miliyan 3 ba. Jama'ar ƙasar a lokacin wajen miliyan 28 ne. Sauran suna magana da Biretanci, da Baskanci, da harshen oc, da wasu da dama. Shawarar Grégoire ita ce a kawar da su duka.

Makaranta ce ta cika wannan buri. Dokokin Jules Ferry na 1881 da 1882 suka mai da karatun firamare kyauta kuma dole, da Faransanci kaɗai. A makarantu da yawa aka shigo da wata dabara. Yaron da aka ji yana magana da harshen uwarsa, sai a rataya masa wani abu a wuya, takalmin katako ko guntun ƙarfe. Ba zai rabu da shi ba sai ya kama wani yaro da laifi iri ɗaya, wanda kuma yamma ta yi abin yana wuyansa shi zai sha horo. Aikin soja, da rediyo, da talabijin suka ƙarasa sauran. A yau waɗannan harsuna na Faransa sun raunana ƙwarai. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. Wannan dabara ce aka kawo makarantun Afirka, inda tsofaffin 'yan lakwal suke tunawa da ita da sunan sambol.

Halin harshen

Faransanci yana da haruffa 26, tare da wasu alamomi da ake ɗorawa bisa wasula ko ƙarƙashin harafin c. Babbar wahalarsa ga mai koyo ita ce, ba a rubuta shi yadda ake faɗarsa. Furuci ya yi ta sakewa, rubutu kuwa ya tsaya kusa da na dā. Kalmar beaucoup, wato da yawa, haruffa 8 gare ta, amma boku ake cewa. Tsuntsu oiseau ne a rubuce, wazo a baki. Kalmomin vert, verre, vers da ver furucinsu ɗaya ne, amma ma'anarsu kore, da gilashi, da wajen, da tsutsa. Shi ya sa dikte ya zama dodon 'yan makaranta. Alamar da take kama da hula bisa wasali sau da yawa kabarin harafin s ce wanda ya faɗi, kamar a hôpital da forêt.

Akwai wuraren da Bahaushe ya fi mai jin Ingilishi saurin ganewa. A Faransanci kowane suna namiji ne ko mace, kamar a Hausa. Sai dai ba kullum suke dacewa ba. A wurinmu rana mace ce, wata namiji, a wurinsu kuwa le soleil namiji ne, la lune mace. Har wa yau suna da tu, wato kai ko ke, da vous, wato ku, kuma da vous ake yi wa babba magana ko da shi kaɗai ne, daidai da yadda yaro mai tarbiyya yake ce wa tsoho ku.

Inda suka rabu da Hausa shi ne wajen sauti. Hausa tana bambanta kalmomi da hawa da saukar murya, Faransanci ba ya yin haka. Shi kuma yana da wasulan da ake fitarwa ta hanci, kamar a pain, burodi, da bon, mai kyau, yana kuma furta r daga maƙogwaro. Yana haɗa baƙaƙe biyu ba wasali a tsakani, abin da bakin Bahaushe ba ya so, shi ya sa France ta zama Faransa. Aikatau kuwa yana sake kama bisa ga mai yi da lokacin yi, har yaro ya shekara yana haddar jadawalinsa.

Ƙidayarsu ma tana da nata tarihi. Saba'in a wurinsu sittin da goma ce, tamanin ashirin huɗu ce, tasa'in kuwa ashirin huɗu da goma. Wannan ragowar tsohuwar ƙidaya ce ta ashirin ashirin. Mutanen Beljiyam da Suwizalan sun sauƙaƙa wa kansu, suna cewa septante da nonante. Bai kamata mu yi musu dariya ba, tun da mu ma a kasuwa faran 100 dala ashirin muke ce mata.

Faransanci maroƙi ne kamar kowane harshe. Daga Larabci ya sami sucre, coton, chiffre, magasin da algèbre. Dubi wannan ta ƙarshe, an haɗiye ta tare da al ɗin Larabci, kamar yadda Hausa ta yi da alƙali da albasa. Hausa kuma ta rama wa Faransanci daidai haka, domin lakwal l'école ce, lanho kuma l'impôt ce, an haɗiye su tare da ɗan harafin da ke gabansu.

Ƙetare teku

Bazuwar Faransanci a duniya ta zo cikin zango biyu. A zango na farko Samuel de Champlain ya kafa birnin Kebek a Kanada a 1608. Faransa ta rasa Kanada a 1763, amma mutanen Kebek suka riƙe harshensu cikin tekun Ingilishi. A 1969 Kanada ta mai da harsunan biyu na hukuma, a 1977 kuma Kebek ta yi dokar da ta ba Faransanci fifiko a makaranta da wurin aiki. A tsibiran Karibiyan, bayin da aka kwaso daga Afirka suka gauraya kalmomin iyayengijinsu da salon harsunansu, sai sababbin harsuna suka fito, waɗanda ake kira Kiriyol. Haiti, wadda bayi suka ƙwaci 'yancinta a 1804, ta mai da Kiriyol harshen hukuma tare da Faransanci a tsarin mulkinta na 1987.

Zango na biyu shi ne ya iso gare mu. Faransawa sun zauna a Saint-Louis ta Senegal tun 1659, kuma a can wani malami mai suna Jean Dard ya buɗe makaranta a 1817. Sun kama Aljeriya daga 1830. Bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885 suka kutsa cikin ƙasa, suka kafa tarayyar Afirka ta Yamma ta Faransa a 1895, da ta Afirka ta Tsakiya a 1910. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa da ƙone-ƙone da kisa, ta yi ɓarna a Birnin Ƙonni, ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. Nijar ta zama ƙasar mallaka a 1922, aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Beljiyam ce ta kai harshen Kwango, Ruwanda da Burundi. Togo da yawancin Kamaru kuma sun faɗa hannun Faransa bayan an ci Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Manufar Faransa game da harshe ta sha bamban da ta Ingila. A Arewacin Najeriya, Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fara makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa, a 1939 kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa. A ƙasashen Faransa kuwa da Faransanci ake koyarwa tun daga ajin farko, kuma taron Barazabil na 1944 ya sake tabbatar da haka. Yara kaɗan ne suka sami shiga. Mafi hazaƙa a cikinsu akan tura su makarantar William Ponty a Senegal, inda Bubu Hama da Jori Hamani suka yi karatu. Tsofaffin sojojin da suka yi wa Faransa yaƙi su ma sun dawo gida da irin nasu Faransanci, wasunsu suka zama tafintoci da gardawan kumandan.

Da aka sami 'yanci a 1960, kusan dukan ƙasashen suka riƙe Faransanci ya zama harshen hukuma. Dalilan a bayyane suke. Da shi aka rubuta dokoki, da shi aka horar da ma'aikata, kuma a ƙasa mai harsuna da yawa ana tsoron kada zaɓen ɗaya ya fusata sauran. Shugabannin Afirka ne ma suka matsa a kafa ƙungiyar ƙasashe masu amfani da harshen. Léopold Sédar Senghor na Senegal, da Habib Bourguiba na Tunisiya, da Jori Hamani na Nijar, tare da Norodom Sihanouk na Kambodiya, su ne suka ja gaba. A Yamai aka sa hannu, ranar 20 ga Maris, 1970, ƙasashe 21 suka kafa hukumar da daga baya ta zama ƙungiyar Francophonie. Senghor kuma ya zama ɗan Afirka na farko da aka zaɓa cikin Académie française a 1983.

Inda yake a yau

Rahoton da ƙungiyar Francophonie ta fitar a 2022 ya ƙiyasta masu jin Faransanci sun kai miliyan 321, ya kuma nuna cewa fiye da rabin masu magana da shi kullum a Afirka suke. Kinshasa ta fi Paris yawan jama'a. Harshen yana cikin harsuna 6 na Majalisar Ɗinkin Duniya, yana cikin na Tarayyar Afirka, na Tarayyar Turai da na wasannin Olamfik, shi ne kuma harshen hukuma na ƙungiyar gidajen waya ta duniya. 'Yan Afirka sun mai da shi nasu. Ahmadou Kourouma na Kodebuwa ya lanƙwasa shi ya bi salon Malinke a littafinsa na 1968. Abdullahi Mamani na Nijar ya rubuta labarin Sarauniya da shi a 1980. Mohamed Mbougar Sarr na Senegal ya ci lambar Goncourt, mafi girma a adabin Faransa, a 2021. A titunan Abijan da Duwala matasa suna gauraya shi da harsunan gida, kamar dai yadda talakawan Gol suka yi wa Latin.

Amma kujerarsa ta hukuma tana girgiza a wasu wurare. Ruwanda ta mai da koyarwa zuwa Ingilishi a 2008. Tsarin mulkin Mali na 2023 ya sauke Faransanci zuwa harshen aiki, Burkina Faso ma ta bi sawu. A watan Maris na 2025 Nijar, inda aka haifi ƙungiyar Francophonie, ta fice daga cikinta, haka ma Mali da Burkina Faso. A wannan wata ne kuma sabuwar dokar ƙasa ta Nijar ta ambaci Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki.

Abin da za mu ɗauka

Tarihin nan ya nuna cewa ba harshen da aka haifa da rawani. Faransanci ya fara a bakin sojoji da manoma, malamai suna kallonsa kamar gurɓataccen Latin. Ya tashi ne domin an yi wa'azi da shi, an fassara littattafai, an yi shari'a da shi, an tsara ƙamus, an koyar da yara, kuma aikin ya ɗauki ƙarnuka. Dokar 1539 ba ta koya wa ko mutum ɗaya karatu ba, sai da aka gina makarantu bayan shekara fiye da 340. Haka nan rubuta sunan Hausa cikin dokar ƙasa mafari ne kawai. Ana bukatar malamai, da littattafan lissafi da kimiyya, da alƙalan da za su rubuta hukunci da ita. Nijar ta fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, saboda haka ba daga fili za a fara ba.

Akwai kuma gargaɗi a ciki. Harshen da aka danne jiya yana iya danne wani gobe. Faransanci ya kuɓuta daga Latin, sai ya juya ya shaƙe Biretanci da harshen oc. Mu Hausawa muna zaune tare da Zabarmawa, Fulani, Buzaye, Barebari, Tubawa, Gurmawa da wasu da dama, kuma kowannensu yana ƙaunar harshen uwarsa kamar yadda muke ƙaunar namu. Bai kamata a cire sambol daga wuyan ɗan Bahaushe a rataya wa ɗan maƙwabcinsa ba.

Game da 'ya'yanmu kuwa, wanda ya sami hanyar koyon Faransanci ya koye shi da kyau. Da shi zai yi ciniki a Kwatano da Lome, ya yi karatu a Dakar, ya yi magana da ɗan Kwango da ɗan Kebek. Amma in ya dawo gida, uwarsa ta yi masa magana da Hausa, a kuma koya masa rubuta ta daidai, da ƙugiyoyin haruffanta. Golawa ma sun so 'ya'yansu su ci gaba, suka ba su Latin kaɗai, yau kuwa sai a jikin duwatsu da fasassun tukwane ake tsintar harshensu.